Ƙofar Kicin Da Na Ɓalle

Kwana biyar ke nan ruwa bai ɗauke ba a Kafanchan. Ba mai tsawa da iska ba ne, mai nacin nan ne na watan Agusta, wanda zai yi kamar ya tsaya, kina fitowa da wanki ya sake tsugewa. Katifa ta yi sanyi, gishiri ya narke a roba, ashana sai kin ƙyasta biyar kafin ɗaya ta kama.

Jiya da hantsi ina zaune ina tsince wake, sai na ji warin ƙonar leda. Yarinyar da take haya a ɗakin gefe, wata malamar firamare mai ladabi, gawayinta ne ya jiƙe, ta shigo da kurfoti baranda, ta cusa leda tana hura wuta da ita. Ban san lokacin da na tashi ba. Ni da gwiwa take hana ni hawa matakalar coci, sai ga ni a kanta, na yi ƙwallo da kurfotin har cikin kwata, ina ihu, "Kisa kike so ki yi? Wa za ki kashe a gidan nan?" Baiwar Allah ta ja da baya tana cewa, "Sori Mama, sori Mama," gawayinta yana yawo a kan ruwa.

Na koma ɗaki, na lalubo inhela, maganin shaƙa, a jaka na shaƙa sau biyu, gama ni ma yanzu ƙirjin ya fara. Likita ya ce hayaƙin murhu ne na shekara da shekaru. A kusurwa ga injin da 'yata Rahila ta aiko mini daga Abuja, wai yana tace iskar ɗaki. Idan akwai wuta yana ƙoƙarinsa kam, ba zan yi masa ƙarya ba, nakan kwana ban yi tari ba. Amma kwana uku ke nan ba wuta, yana nan zaune shiru, har na ɗora masa tabarau da littafin waƙoƙi. Da yamma na kai wa yarinyar busasshen gawayi, na ba ta haƙuri. Ban gaya mata cewa ba da ita nake faɗa ba. Da wata damina nake, ta shekara talatin da wani abu da suka wuce.

Shekarata ta uku ce da aure. Muna wani ƙauye a bayan Fadan Kagoma, gidan su mijina Bitrus, Allah ya ba shi hutawa. Mu biyar ne a gidan: ni, da Bitrus, da Rahila tana goye, da surukata da muke kira Mama, sai wan mijina, Yaya Ishaku, wanda matarsa ta rasu, shi ne kuma uban gida. Yaya gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya magana sai dole. Noman da zai ɗauki wani mutum yini guda, shi kafin rana ta take ya gama, ya zauna yana wasa fartanya yana jiran a kawo kunu.

Ruwan shekarar ya zo da wuri, muka yi ta godiya a coci. Ashe ba mu san abin da muke gode wa ba. Cikin Agusta sama ta rufe ruf. Na ƙirga kwana goma sha ɗaya ban ga inuwata ba. Bangon ɗakin baya ya jiƙe ya zube da tsakar rana, ya danne mana kaji uku. Alade yana tsaye cikin taɓo har ciki, yana kuka tun safe. Tsakanin yatsun ƙafata ya yi fari ya tsattsage, in na taka ruwa sai na ji kamar an zuba barkono. Tsummokaran Rahila ba sa bushewa sai a kan wuta, yarinya har warin hayaƙi take yi.

Ga yunwa kuma. Dawar bara ta ƙare, na shiga rumbu da tsintsiya na share har ƙasan, abin da na samu bai cika ƙwarya ba. Acca tana gona ba ta nuna ba. Da safe sai ruwan citta mai zafi, ba sukari. Da rana Mama takan dafa gwaza, ta raba da hannunta, kowa biyu, Yaya uku saboda aiki. Da yamma in yi fate, yakuwa da gauta cike da tukunya, tsaki ɗan tafin hannu, kina sha kina neman hatsin da cokali. Ina shayarwa, jiri yakan ɗebe ni in na sunkuya. Kuma ni ba na iya yunwa, tun ina yarinya in cikina ba komai bakina ne yake yin kaifi.

Bitrus kuwa fuka gare shi, abin da yanzu ake cewa asma. Dogo ne kyakkyawa, mai murya, da waƙa ya sace ni a ƙungiyar mawaƙa. Amma in abin ya tashi masa, wayyo, ba za ki so ki gani ba. Ya dafa gwiwa da hannu biyu, wuyansa ya lotsa, haƙarƙari ya fito, ƙirjin yana fito kamar ɗan tsako a cikin kwando. Lokacin ba wanda ya taɓa ganin inhela a ƙauyenmu. Man zafi muke shafa masa, sai wasu ƙananan ƙwayoyi da ake sayowa a kemis a Kafanchan, su ma sun ƙare, rafi kuma ya cika ya ci gada.

Kowa a ƙauyen ya san cewa fuka sanyi ne. Sanyi ne yake shiga ƙirji ya daskare, maganinsa kuma zafi, a rufe mutum da wuta har ya yi gumi ya fitar. Ni dai na lura in ina suya Bitrus yakan tashi ya fita waje. Na taɓa faɗa wa Mama cewa kamar hayaƙi yana ƙara masa. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "To, amarya ta kawo mana ilimin makaranta. Ɗan da na haifa ke za ki gaya mini ciwonsa?" Na ci gaba da aikina, don a lokacin ina da sauran kunya.

Abin da ya rage mana a duniya shi ne masarar bakin rafi. Ta nuna, amma ruwa ya hana ta bushewa, har ta fara tsiro a jikin kara. Yaya ya kira gayya. Maza goma sha wani abu suka zo da buhu a ka maimakon laima, suna karya masara suna zamewa a taɓo suna zagin juna, mu mata muna kwasa da kwando. Bitrus bai isa ya shiga ruwan ba. Yana zaune a ƙarƙashin jinka da bargo, yana ɓare masara, duk wanda ya wuce ya ce masa, "Sannunku da aiki." Ba wanda ya ce masa komai, amma kansa yana ƙasa har aka watse.

A wurinmu in masara ta zo da ruwa haka, da hayaƙi ake busar da ita. Kicin ɗinmu zagayayyen ɗakin laka ne, ƙofa ɗaya ta katako, sai wata 'yar kafa a bango. Yaya ya kafa gadon gwangwala bisa murhu, aka jera masarar a kai har kusa da jinka. Wutar ba a so ta mutu, ba a kuma so ta yi harshe, hayaƙi ake nema, kwana uku ko huɗu ba tsayawa. Aka toshe kafar bangon da buhu, aka cusa tsumma a duk wata tsaga. Itace duk ɗanye ne, ba ya kamawa, sai Yaya ya yayyanka tsohuwar tayar keke da silifa ana sawa a ƙarƙashi. Mama kuma takan watsa busasshen barkono a wutar saboda ƙwari. Ni da ita muke karɓa-karɓa. Ki ja numfashi a waje, ki shiga ki juya masara da sauri, ki gyara wuta, ki fito hawaye da majina suna zuba, kina tofar da baƙin yawu.

Rana ta uku da fara hayaƙin, mata suna gayyar cire ciyawa a gonar cittar maƙwabciyarmu. Sun zo tamu, dole in je tasu. Na bar Bitrus a ɗaki da bargo, ƙirjin yana ɗan fito amma ba sosai ba. Na goya Rahila, na rufe ta da leda, na tafi.

Wajen ƙarfe uku na dawo, a jiƙe sharkaf, cikina yana kuka. Tun daga bakin gida na ji ana bugun katako. Bum. Shiru. Bum. Ba bugun mai ƙarfi ba, irin na wanda hannunsa ya gaji. Na shigo na ga Yaya Ishaku a tsaye a ƙofar kicin, ya jingina bayansa da ita, ruwa yana dukansa bai ko motsa ba. An sa sakata ta waje. Baƙin hayaƙi yana tsattsafowa ta cikin jinka. Mama tana zaune a bakin ɗakinta, idonta a rufe, tana addu'a da yarenmu.

Na ce, "Yaya, wa ke ciki?"

Bai kalle ni ba. Ya ce, "Maman Rahila, je ki canza kaya."

"Na ce wa ke ciki?"

Mama ce ta amsa. "Mijinki ne. Yana gadin wuta, sanyin kuma yana fita. Bari ya yi gumi."

Aka sake bugawa daga ciki, sau ɗaya, can ƙasa kusa da dokin ƙofa. Wato ya faɗi ke nan. Na kasa kunne ko zan ji fiton ƙirjin nan da na tsana. Babu shi. Kai, ban taɓa sanin cewa zan yi marmarin jin wannan fiton ba sai ranar.

"Yaya, don girman Yesu, buɗe."

"Ba za a buɗe ba."

"Mutuwa yake yi!"

"Haka aka yi wa Baba, ya yi gumi ya tashi."

Na ce, "Baban yana ina yanzu? Ba a bayan coci yake kwance ba?"

Mama ta yi ihu, "Ke! Marar kunya!" Ni kuwa na riga na kama rigar Yaya ina ja. Ina, kamar ina jan kututture. Ya ture ni da hannu ɗaya, ba da ƙarfi ba ma, amma taɓo ya kwashe ni na zube a gwiwa, Rahila ta tsala kuka a bayana. Na kwance ta, na dire wa Mama ita a cinya. Turmi yana nan a gefen rumbu, taɓarya a jingine.

Zan faɗi gaskiya, tun da na tsufa ba abin da zan ɓoye. Ba ƙofa na nufa da bugun farko ba, kan Yaya na nufa. Na ɗaga taɓaryar nan da hannu biyu na sauke da duk ƙarfin da yunwa ta bar mini. Ya tare da hannun dama. Na ji ƙashin ya ce ƙas, kamar an taka busasshen kara. Bai yi ihu ba, ya dai durƙusa ya rungume hannun, bakinsa a buɗe. Mama ta taso da Rahila a hannu tana dukana a baya da ludayi tana tsine mini, na ture ta da kafaɗa ta zauna daɓas cikin ruwa. Sakatar ta kumbura da ruwa ta ƙi zaruwa. Na ja baya na shiga dukan ƙofar. Ɗaya, biyu, uku, ina bugu ina ihu ban san me nake cewa ba, tafin hannuna ya fashe jini yana bin taɓarya. A na shida ko na bakwai ƙofar ta ɓalle da ƙusoshinta duka.

Hayaƙin ya doke ni a fuska kamar mari. Na rarrafa ina lalube, na ci karo da ƙafa. Na ja shi ta ƙafar, kansa yana bugun ƙasa, har tsakar gida cikin ruwan da suke cewa shi ne zai kashe shi. Leɓɓansa sun yi toka-toka, idonsa ya juye, hancinsa baƙi ƙirin. Na zaunar da shi na jingina shi da ƙirjina, ina marinsa ina cewa, "Baban Rahila, ja! Ja iska, don ubanka ja!" Ni da ban taɓa zagin mijina ba. Can sai ga ɗan siririn fito, kamar daga ƙarshen rami. Na fashe da kuka. Sai kuma haushi ya sake turnuƙe ni, na ɗauki tulun ruwa na koma kicin na sheƙa wa wutar duka, na kama ƙafar gadon gwangwalan na fizge, masarar ta zubo cikin toka da ruwa.

Maƙwabta sun taru da jin ihu. A kan ƙofar da na ɓalle aka ɗora Bitrus, maza huɗu suka ɗauka, suka tsallaka rafi ruwa har ƙirji, zuwa bakin titi inda Allah ya kawo wata motar itace. Yaya Ishaku yana binmu a baya da ƙafa, hannunsa yana reto, ba wanda ya tuna da shi sai da muka isa. A asibiti wata nas mai kauri ta yi wa Bitrus allura, ta sa masa wani abu a hanci. Ta shinshina rigarsa ta ce, "Gobara aka yi?" Da na gaya mata, ta buga tebur. "Mai fuka? Da taya da barkono? Ku mutanen ƙauye sai kun kashe mu da hawan jini!" Ta ce da an ƙara ɗan lokaci kaɗan da gawa muka kawo. Na juya na kalli Yaya a kan benci, na tabbata ya ji.

Kwana huɗu muka yi muka dawo. Masarar ta yi funfuna, kore da baƙi, rabi sai alade. Yaya bai yarda an sa wa hannunsa simintin asibiti ba, wurin mai ɗori ya je, aka ɗaure hannun da kara da tsumma. Dattawan ekklesiya, wato cocinmu, suka kira ni. Mace ta daki wan mijinta, ta ture surukarta, abin ba a taɓa ji ba. Suka tambayi Yaya me ya faru, ya ce, "Ba ni da magana." Suka ce in nemi gafara, na ce Allah ya kiyaye, wanda ya so kashe mini miji shi zai nemi tawa. Aka sa ni horo, wata shida ina zama a bencin baya, ba jibin Ubangiji, ba rigar ƙungiyar zumuntar matan coci. Ko a jikina. Ina tafe ina ɗaga kai, ni ce wadda ta ceci mijinta. A gida ban gaishe da Yaya, in na kawo fate sai in dire masa kwanon nesa kaɗan, inda sai ya miƙe da hannun hagu.

Bayan kamar mako uku, rana ta ɗan leƙo, ina wanke ragowar masarar ina daka, Bitrus yana zaune kusa da ni yana riƙe da Rahila. Yaya yana can ƙarƙashin mangwaro shi kaɗai, ciyawa kuma ta cinye gonarsa. Bakina ya fara aikinsa. Na ce a bar shi ya ji, mugu, mai zuciyar dutse, ɗan'uwansa yana buga ƙofa yana tsaye kamar gunki.

Bitrus ya ce, "Maman Rahila, ya isa."

"Bai isa ba! Kai ma shirunka ne ya sa suke..."

"Ni na ce ya rufe."

Na tsaya da taɓarya a sama.

Ya yi magana a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi, yadda ya saba. "Ni na roƙe shi in yi gadin wutar. Ya ƙi. Na durƙusa masa. Na shiga sau biyu hayaƙi ya koro ni, shi ya sa na ce ya sa sakata. Na sa shi ya rantse da kabarin Baba cewa ko na buga kada ya buɗe, sai rana ta faɗi. Na ce in sanyin zai fita ya fita, in ba zai fita ba, a ce dai masarar nan da hannuna a cikinta."

Na ce, "Hauka kake yi? Wa ya aike ka? Wa ya taɓa ce maka sai ka yi aiki?"

Ya gyara wa Rahila zama a cinyarsa, bai kalle ni ba. "Ranar da kika share rumbu, kina ciki kina magana ke kaɗai, ina bayan bango. Kin ce gidan nan baki biyar, fartanya uku. Sauran biyun, ɗaya jaririya ce, ɗayan kuma gemu gare shi."

Na faɗa. Allah ya sani na faɗa, da tsintsiya a hannuna da yunwa a cikina, na kuma manta da maganar kafin in sauko daga rumbun. Shi ya ɗauke ta ya yi ta yawo da ita a ƙirjin da ko iska ba ta samun wuri. Kunya ta rufe ni har na ji kamar in shige turmin nan.

Na ajiye taɓaryar, na ratsa tsakar gida. Na isa ƙarƙashin mangwaron, na zube gwiwa biyu a taɓo gaban Yaya Ishaku. Sai kuka ya ƙwace mini.

Ya daɗe yana kallon gonarsa. Sannan ya ce, "Ina jin bugun nan a bayana, matarmu. Kowane ɗaya ina ji. Ina ta roƙon Allah ya kawo wanda bai rantse ba." Ya miƙo mini hannun, ɗaurin ya kwance yana lilo. "Tashi ki ɗaure mini wannan, da haƙori nake ta fama tun safe."

Na ɗaure masa. Ƙashin ya haɗe a karkace, yatsu uku suka ƙi lanƙwasuwa. Yaya ya ƙara shekara ashirin da biyu a duniya, hannun nan bai sake riƙe fartanya ba.